Karnukan Nistor da Hannun Sorana

Dorna, tsakiyar watan Agusta.

Zuwa ga ƙanena Gavril,

Ina miƙo maka gaisuwa mai yawa daga gidan da aka haife mu, tare da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Marioara da ɗan autanku Serafim. Duk ranar da na shiga coci sai na kunna muku kyandir, ina roƙon Allah ya tsare ku a ƙasar mutane, ya sa albarka a guminku, ya riƙe ƙafarka a kan dogayen gine-ginen nan da kake hawa a Sifaniya. Mu ma nan muna cikin rufin asirin Allah. Inna tana fama da gwiwarta, amma bakinta ras yake, jiya ma sai da ta wanke maƙwabciyarmu tas a kan kaji. Mijina Toader ya rage shan taba tun da likita ya tsorata shi, sai dai mita ta ƙaru. Jar saniyar nan ta haihu, mace aka samu, Inna kuma ta hana a sayar, wai ta Serafim ce.

Abu na farko da nake so ka riƙe shi ne, 'yarka Anisia tana da rai. An sallamo ta daga asibiti, tana kwance a tsohon ɗakinka, kuma likita ya ce ba za a yanke ƙafar ba. Na zauna rubuta maka ne domin a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana. Ranar Lahadi ka yi ta ihu har Inna ta ji daga ɗaki, kana cewa za ka taho, kuma kafin ka ajiye jaka sai ka zubar da hanjin Nistor makiyayi a gaban tumakinsa. Ni yayarka ce, ni na goya ka, na san ba cika baki kake yi ba. Saboda haka ka nemi wuri ka zauna, ka karanta wannan har ƙarshe. Ina wurin abin ya same ta, ba labari aka ba ni ba.

Ka san yadda Malam Trifan yake yi kowace bazara tun muna ƙanana. Da zarar an rufe makaranta sai ya kwashe yaran ƙungiyar tseren zamiya a kan ƙanƙara ya kai su tsohon masaukin nan na gindin dutse. Da safe su hau dutse da gudu riƙe da sandunansu masu tsinin ƙarfe, da yamma su ɗaura takalman nan masu taya su yi ta tura kansu a kan kwalta, domin idan ƙanƙara ta dawo kada jikinsu ya ce bai san ta ba. Bana su goma sha huɗu ne, maza da mata, ni ce kuma mai dafa musu abinci kamar bara. Tuwon masara da cuku da miyar kabeji, tukunya guda ba ta kai ko'ina. Tsufa ya kama Malam, gashinsa ya yi fari fat, amma dokarsa ba ta canja ba: tare ake fita, tare ake dawowa, wanda ya fi gudu ya kai ƙarshen hawa ya juyo ya ɗauko na baya.

Wannan dokar ce Anisia ta tsana, kuma kada ka ji haushina idan na ce da hannunka a ciki. Tun da ka aiko mata da agogon nan mai auna bugun zuciya, kana gaya mata a waya cewa ta fi su duka, wai zaman jiran masu nauyin ƙafa ne ke cinye mata gudu, yarinya ta canja. Na san ƙauna ce ta sa ka, kana can kana ɗaukar siminti domin ta zama wani abu. Amma ta fara cin abincinta a gefe, ta toshe kunnuwanta da waƙa, idan an yi mata wasa sai ta dubi agogo. Yaran kuwa ka san bakinsu, suka laƙaba mata Gimbiyar Sifaniya. Wadda ta fi tsokanarta ita ce Sorana, 'yar Ilarion mai saran itace, wanda kuka yi aji ɗaya da shi. Su biyun nan tun suna 'yan shekara tara suke gaba da juna. Idan Anisia ta zo ta ɗaya, Sorana ce ta biyu, idan kuma hawa ya yi tsanani sai abin ya juye. Ban taɓa ganin sun gaisa ba.

Wata ranar Laraba da yamma suna saukowa daga gangaren gadar katako a kan masu taya, a jere, ni kuma ina tsaye a bakin hanya da jarkar ruwa. Sorana ce a gaba, Anisia na manne da ita tana neman wucewa a inda ba a wucewa. Sai sandar Sorana ta shiga tsakanin tayoyin Anisia. Ko da gangan ne ko kuskure, ita kanta Soranar yanzu cewa take ba ta sani ba. Anisia ta yi sama ta faɗo a kan kwalta, ta yi ta jan ƙasa, fatar kafaɗarta da ta gwiwar hannu suka kwashe kamar an fere dankali. Ta miƙe jini na zuba, ko duban ciwon ba ta yi ba, ta ɗaga sanda ta zabga wa Sorana a baki. Daga inda nake na ji ƙarar haƙori. Sorana ta tofar da guntun haƙorin da jini, ta cafki gashin 'yarka ta ce, “Shegiya Gimbiya, agogon ubanki bai gaya miki za ki sha ƙasa ba?” Ita kuma ta ce mata, “Sake ni, 'yar mai gatari, bayana za ki yi ta kallo har ki tsufa!” Suka gangara cikin kwata da tayoyi a ƙafa, suna naushi suna cizo, sai da Malam ya shiga ya ɗago su ta wuyan riga, ɗaya a kowane hannu.

Bai daki kowa ba. Ya dai ce gobe ranar doguwar tafiya ce zuwa filin saman dutse, kuma su biyun nan kafaɗa da kafaɗa za su yi ta, gorar ruwa ɗaya tsakaninsu. Anisia ta ce, “Malam, da in haɗa baki da wannan a gora, gara in sha ruwan kwata.” Ya ce to ta riga ta ɗanɗana shi yau, sai ta gaya masa wanne ya fi. Yara suka kwashe da dariya, ita kuwa ta shige ɗaki. Da nake wanke mata ciwon da ruwan gishiri, ta ce mini, “Goggo, Baba ne kaɗai ya faɗa mini gaskiya, waɗannan ja mini ƙafa suke yi.” Na ce mata ta yi shiru ta ɗaga hannu in naɗe, na ɗauka zuciya ce kawai, za ta huce.

Washegari da sassafe Toader ya kai ni da mota har ƙarshen hanyar masu ɗibar katako ya juya, ni kuma na goya kwandon abincin rana na hau a ƙafa zuwa maɓuɓɓugar nan da ke gefen filin, inda yara za su tsaya su ci. Ban san cewa Anisia ta fice daga masauki ita kaɗai ba tun kafin a yi karin kumallo. Ina cikin shimfiɗa tsumma a kan ciyawa sai na hango jar riga tana gudu a can ɗaya gefen filin, sanduna na tashi suna sauka. Na gane gudunta. Na duba bayanta ban ga kowa ba, ga shi kuma hanyar da ta ɗauka ta bi ta ƙasan garken Nistor ne. Ka san karnukansa, manya kamar maruƙa, waɗanda aka raina don faɗa da kyarkeci, kuma ba ya ɗaure su. Shekara da shekaru yaran Malam suna wucewa ta nan ba abin da ya taɓa samun kowa, domin da sun ji haushi sai su daina gudu, su dunƙule wuri ɗaya, su juya tsinin sanduna waje, su wuce a hankali suna magana. Kare ba ya afka wa taron da ya tsaya masa. Amma mutum ɗaya mai gudu, a idonsu nama ne.

Na yi ihu, na kira sunanta har maƙogwarona ya fashe. Waƙa na kunnenta. Na ga karnukan sun gangaro daga tudu su biyar, ba haushi, ba komai, ciyawa kawai ke rabewa. Na farkon ya daki bayanta da ƙirji, ta kifa. Gavril, na yar da komai na ruga, amma tsakanina da ita akwai rafi da faɗin fili, ga shekaru a kaina. Ina gudu ina kallo. Ta yi abin da ya dace, ta dunƙule ta rufe wuyanta da hannuwa, shi ya sa ba su samu maƙogwaro ba. Sai wani baƙi, babbansu, ya kama cinyarta ta hagu ya fara girgiza kai yana janta a ƙasa kamar tsumma, wani ya kama duwawu, wani ya yage rigar daga baya. Ihun da ta yi, ba na fatan ka taɓa jin irinsa. Sunanka take kira.

Daga cikin bishiyoyi sai ga wata ta fito da gudu, ita kaɗai, ta yi wa sauran nisa. Sorana ce, leɓenta a kumbure kamar an cusa mata ƙwai. Daga baya na tambaye ta yadda aka yi ta riga kowa, ta ce, “Goggo, kada ki ɗauke ni waliyyiya. Da Malam ya ce mu bi sawunta, niyyata in cim mata kafin kowa ya iso in zubar mata da haƙora biyu a madadin nawa.” Da wannan zuciyar ta hau dutsen, da ita kuma ta faɗa tsakiyar karnukan ba ta ko rage gudu ba. Ta riƙe sanda da hannu biyu ta caka wa baƙin a haƙarƙari, sandar ta karye, ta sake caka masa guntun a wuya. Ya saki cinyar ya juyo kanta. Ta tare shi da hannun dama, hannun ya shige bakinsa har wuyan hannu. Na ji ƙashi yana ƙara kamar ana taka busassun ƙirare. Duk da haka ba ta faɗi ba. Ta raba ƙafafunta a kan Anisia ta tsaya, hannu ɗaya a bakin kare, ɗayan yana dukan idonsa, tana zaginsa tana zagin Anisia gaba ɗaya, tana cewa, “Tashi, Gimbiya, tashi don ubanki!”

Sai sauran suka iso. Ba wanda ya ba da umarni, ba wanda ya tsaya tunani. Suka kewaye 'yan matan biyu, kafaɗa na gugar kafaɗa, sanduna a waje, suna ihu da murya ɗaya suna caka duk karen da ya matso. Har ƙaramar cikinsu, 'yar shekara goma sha huɗu, tana kuka tana fitsari a wando amma ba ta bar gurbinta ba. Malam ya ɗauko dutse da hannu biyu ya sauke wa baƙin a ka, ya sake, ya sake, sai da kan ya fashe sannan muƙamuƙin ya saki. Da aka zare hannun Sorana, yatsu biyu ba sa nan, na uku yana reto da fata. Sauran karnukan suka ja da baya suna gurnani, jini a bakinsu, ɗaya yana jan ƙafa. A lokacin na iso, numfashina kamar zai tsinke.

Ban gama durƙusawa ba sai ga Nistor ya gangaro da ƙatuwar gorarsa ta kiwo, yana warin barasa da rana tsaka. Bai dubi yaran da ke kwance cikin jini ba, karensa ya duba. Ya ce, “Wane ɗan iska ne ya kashe mini Baƙi? Kun san kyarkeci nawa ya kora?” Malam ya ɗago zai yi magana, sai ya sauke masa gorar a goshi. Tsoho ya zube, fuskarsa ta rufe da jini. Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ba ni tsoro a ranar, fiye da karnukan. Samarin nan da nake zuba wa tuwo kullum, masu ce mini Goggo a ƙara, suka yi kansa su shida. Suka kayar da shi, suka dinga tattaka shi, a ciki, a baki, a ko'ina. Ɗaya ya ɗauko dutsen da aka kashe karen da shi, ya ɗaga sama daidai kan Nistor. Na ga idon yaron, babu kowa a ciki. Ni hannuwana na danne a cinyar Anisia, jini na tsartuwa ta tsakanin yatsuna, ba halin in tashi. Sorana ce ta yi tsawa daga inda take zaune, ta ɗaga dungun hannunta ta ce, “Kai jakai! Ku bar mashayin nan, ga ta nan tana mutuwa!” Yaron ya dubi dutsen kamar bai san yadda aka yi ya zo hannunsa ba, ya yar.

Malam ya farfaɗo, ido ɗaya a rufe, ya rarrafo ya ɗaure cinyar da igiyar jaka ya murɗa da guntun sanda har jinin ya tsaya. A filin nan waya ba ta kamawa, mota kuma ba ta wuce inda Toader ya sauke ni. Malam ya ce ɗaya ya ruga gaba ya nemi inda waya za ta kama ya kira motar asibiti, sauran su tuɓe riguna. Suka zura sanduna cikin rigunan suka yi makara, aka ɗora ta. Fuskarta ta yi fari kamar cuku, leɓɓanta sun yi shuɗi, ta daina ihu, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. Suka ɗauke ta su huɗu suka fara gangarowa da gudu.

A nan na ga amfanin abin da tsohon nan ya ƙare rayuwarsa yana yi. Ka san hanyar, duwatsu ne da saiwoyi da santsi, mutum ɗaya ma da kyar yake saukowa. Amma yaran nan makonni suka yi suna gudu a jere, kowa ya san tsawon takun ɗan'uwansa, ya san numfashinsa idan ya kusa ƙarewa. Ƙafafunsu na sauka tare kamar na doki ɗaya. Idan ɗaya ya gaji, kafin ya buɗe baki wani ya zura kafaɗa ya karɓe shi, makarar ba ta tsaya ba, ba ta karkata ba. Wani yaro mai ƙiba da Anisia ta fi rainawa, wanda kullum shi ake komawa a ɗauko a hawa, shi ya riƙe gefen kanta ya ƙi saki har ƙasa, yana ce mata, “Gimbiya, kada ki yi barci, ki zage ni mana, ki ce mini buhun dankali.” Sorana kuwa ta ƙi a ɗauke ta. Aka naɗe hannun da ɗankwalina, ta ɗaga shi sama da kanta, ta bi su a guje, jini na bin gwiwar hannunta yana ɗiga a ƙirjinta. Ni da Malam muka biyo baya muna riƙe da juna. Kafin mu iso hanya motar ta riga ta tafi da su. A asibitin Suceava likitan da ya ɗinke ta ya ce mini da an ƙara jinkiri kaɗan da gawa za a kawo masa.

Yanzu ga abin da ba ka sani ba, wanda shi ne dalilin takardar nan. Abin da kake cewa za ka yi, wani ya riga ka. Ilarion yana daji aka kai masa labari. Ya je asibiti ya ga hannun 'yarsa, ya fito. Washegari da hantsi ya hau dutsen da gatarinsa. Ya sare karnukan da suka rage ɗaya bayan ɗaya, ya cinna wa bukkar Nistor wuta da cukun bazara gaba ɗaya a ciki. Nistor na kwance a gindin bishiya yana jinyar dukan jiya, ya taso yana roƙo, Ilarion ya juya gatarin ya buga masa ƙeyar gatarin a fuska. Muƙamuƙi ya tarwatse, ido ɗaya ya tafi. Yana nan da rai, ta bututu ake ba shi abinci, kuma an ce idan ya tashi shi ma zai amsa tambaya a kan karnukansa. Ilarion kuwa da ƙafarsa ya sauko ya miƙa kansa ga 'yan sanda. Yana tsare, lauya ya ce a shirya wa shekaru. A mashaya maza suna ta yabonsa, wai namiji ne. Ni na raka matarsa ranar da aka gaya wa Sorana. Yarinyar da kare ya cinye wa yatsu ba ta zubar da hawaye ba, ranar ta yi kuka har sai da aka yi mata allura. Cewa take, “Wa ya aike shi? Ni na ce ina so? Yanzu wa zai kai ni gasa?”

To ka gaya mini, Gavril, me ya rage a jikin Nistor da za ka ɗauka? Kuma idan ka ɗauka, wa zai gaya wa Anisia? Ni dai ba zan sake tsayawa a bakin gadon yarinya da irin wannan labari ba.

Sorana tana gidanmu yanzu, domin mahaifiyarta na zirga-zirga tsakanin lauya da gidan yari. Gado biyu na sa musu a ɗakinka. Kada ka ɗauka sun zama 'yan uwa masu daɗin baki, daga safe zuwa yamma faɗa suke. Anisia na yanka mata nama a faranti tana ce mata mai yatsu takwas, ita kuma tana riƙe ta zuwa bayan gida tana ce mata gurguwar Gimbiya. Amma rannan na shiga da shayi na tarar 'yarka ta riƙe dungun hannun nan a cinyarta tana canja masa bandeji, tana kuka ba sauti, Sorana na kallon taga tana cewa ta yi sauri kada ta jiƙa mata ciwo. Na ajiye shayin na fita. Likita ya ce Anisia za ta yi tafiya, gudu kuwa sai an ga yadda naman ya haɗe. Sorana ba za ta iya damƙe sanda kamar da ba. Malam, da ɗinki a goshinsa, ya kai safar hannunta wurin mai gyaran sirdi, suna ƙoƙarin yin wani maɗauri da zai riƙe sandar a wuyan hannu.

Ba a rufe sansanin ba. Iyaye biyu sun zo sun ɗauke 'ya'yansu, sauran suka ƙi tafiya. Samarin nan shida sun je sun ba da bayani wurin 'yan sanda, Malam kuma ya kai su wurin limamin cocinmu, ban san me aka faɗa a can ba. Malam ya sauya hanyar yamma, yanzu ta ƙofar gidanmu suke bi. Sai ka ji ƙarar tsinin sanduna a kan kwalta tun daga nesa, kaf, kaf, kaf, Inna ta ce ga awakinku nan sun taho. Su tsaya su fito da Anisia a kan kujera, su ɗaura mata roba a jikin shinge ta yi ta ja da hannuwa, ɗaya na tsaye yana ƙirga mata yana yi mata tsiya. Sorana kuma ta ɗaura masu taya ta bi su ba sanda, hannu a rataye a wuya, kuma ko a haka ba ta zuwa ta ƙarshe. Shekaranjiya da suka tashi tafiya na ji Anisia ta ce wa mai ƙibar nan gobe su zo da wuri, zaman jiransu ya fi ciwon damunta.

Na gaya mata zan rubuta maka, na ce me zan faɗa. Ta ce in gaya maka tana son ganinka, ka zo. Amma ta ce idan don Nistor za ka zo, ka yi zamanka, ba za ta buɗe maka ƙofar ɗaki ba. Ta ce ciyawar Ilarion tana nan tsaye a gangaren bayan coci ba a yanka ba, ta kowa ta shiga rumbu sai tasa, ga shanu uku a gidan, ga sanyi na tafe, matarsa ita kaɗai ba za ta iya ba. Ta ce, “Goggo, ki ce wa Baba idan hannunsa na ƙaiƙayin sara, laujen baban Sorana na rataye a rumfa.” Ban ƙara ko kalma ɗaya a kan maganarta ba. Toader ya wasa laujen jiya, ya ce zai kama maka, yaran Malam kuma sun ce ranar hutunsu za su zo su kwashe.

Ka gaishe mini da Marioara, ka ce mata ta kwantar da hankalinta, 'yarta na cin abinci sosai, har ta fara ƙorafin gishiri. Ka sumbaci Serafim a goshi, ka ce Goggo ta ajiye masa zumar bana. Ka gaida Kawu Artemie da iyalinsa idan kun haɗu a coci, da Sanziana da ke gidan ƙasa da ku, wadda ta kira ni tana kuka, Allah ya saka mata. Inna na gaishe ka, ta ce ka taho mata da man shafawar nan na gwiwa, kuma ka aske gemun da ta gani a hoto kafin ka shigo mata gida. Toader na gaisuwa. Malam Trifan ya ce in gaishe ka, ya ce har yanzu yana tuna ka a matsayin yaron da ya fi kowa ƙin jiran na baya. Sorana ma ta ce a gaishe ka. Ka sanar da mu ranar da motarku za ta iso, Toader zai tarye ka a tasha.

Allah ya kawo ka lafiya, ya sanyaya maka zuciya a hanya.

Yayarka da ke jiranka,
Aglaia